Wai iyayenmu ne suka yi sakaci, ko mu ne tsoro ya yi wa yawa?

Ɗan Yakasai:
Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni, kuma don Allah a amsa min tsakani da Allah. Mu da muka yi ƙuruciya a cikin birnin Kano tsakanin 1975 da 1985, in aka yi hutun boko, ranar Alhamis da Juma'a kuma babu makarantar allo, da mun sha koko shi ke nan an ga ƙeyarmu. Mu bi ta kan badala, mu hau Dala mu sauko, mu nausa Goron Dutse, wata rana har Gidan Zoo, duk a ƙasa. Wanda ya samu sule ɗaya a aljihu shi ne attajirin tawaga, don zai saya mana rake da ƙuli-ƙuli har a ba shi canji. Babu mai ce maka ina ka je. Doka ɗaya ce a gidanmu, kiran sallar magariba ya same ka a ƙofar gida, in ba haka ba jikinka ya gaya maka.

Yanzu jikana ɗan shekara goma, in aka aike shi kanti a bakin layi sai uwarsa ta tsaya a bakin get tana leƙensa har ya dawo. To wai iyayenmu ne suka yi sakaci da mu Allah ya tsare, ko kuwa mu ne tsoro ya yi wa yawa muka kulle yara a gida?

Bazazzagi:
Wa alaikumus salam. Yaya, ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Mu a Tudun Wadar Zariya sana'armu ƙera mota. Ka samo gwangwanin madara, ka tsaga shi da wuƙa, ka daddake shi da dutse har ya miƙe, ka lanƙwasa ya zama jikin mota. Tayoyi kuwa tsohon silifas ne, ka kifa murfin kwalba a kai ka zagaye da reza, ka yanko guda huɗu. Ka soke su da wayar keke, ka ɗaura dogon karan dawa ya zama sitiyari. Yatsunmu duk tabon yanka ne. Ka je gida da jini a hannu, inna ta kalla ta ce je ka wanke ka sa gishiri, ka sa, ka yi tsalle biyu don zafi, ka koma bakin aikinka. Ga langa, ga ƙwallon tsumma, ga harbin tsuntsu da danƙo, ga kamun fara bayan kaka. Ban taɓa jin yaro a cikinmu ya ce ya rasa abin yi ba.

Goggon Yara:
Ku dai maza ku yi ta ba da labarin yawo. Mu mata wa ya bar mu muka hau Dala in ba ranar Takutaha ba? Tun ina shekara bakwai ga goyon ƙanena a baya ga farantin talla a ka. Da safe ɗanwake, da yamma dafaffiyar gyaɗa da alewar madara.

Amma fa ba zan ɓoye ba, tallar nan ita ce yawonmu. Iyayenmu mata suna cikin kulle, mu ne ƙafafunsu. Mu kai goron gayyatar biki, mu karɓo zubin adashi, mu kai tuwo gidan maƙwabta, mu kai kunun kanwa gidan mai jego. Babu gidan da ban san tsakar gidansa ba a unguwarmu, har na san wadda take biyan bashin ɗanwake da wadda sai an yi ta sintiri. Da daddare in akwai farin wata mu fita dandali a yi gaɗa har muryarmu ta dishe. Ribar tallar kuma ana tara min ita, ana sayen kwanukan samira da tasoshi na kayan ɗaki. Ina shekara 14 aka ɗaura min aure, yawo ya ƙare. Yayyena maza kuwa suna nan suna zuwa kallon Indiya a sinima har suka yi gemu. In za a yi kewar da a yi, amma rabon bai zo daidai ba.

Malam Mai Ritaya:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma a cikin maganarta amsar Alhaji take. Ba sakaci ba ne. Ku tuna yadda gidajenmu suke. Kowane gida da zaurensa, kowane zaure kuma da mutum a ciki. Wannan maɗinki ne yana aikin babbar riga, wancan yana biya wa yara allo, wancan tsoho ne yana tufkar igiya, ga mai tireda, ga wanzami a gindin dalbejiya. Daga ƙofar gidanku har ƙarshen unguwa babu inda za ka gifta ba a gan ka ba, kuma wanda ya gan ka ya san ubanka, ya san kakanka, ya san ranar sunanka. Ka yi ashar a bakin kasuwa, kafin ka iso gida labari ya riga ka. Wanda ya kama ka kana laifi ya zane ka, in ka kai ƙara gida a ƙara maka. Yaro ya ɓata, wanda ya tsince shi gidan mai unguwa zai kai shi, a ba shi tuwo ya ci ya kwanta, iyayensa kuma can za su fara dubawa. In an kwana ba a dace ba a kai cigiya gidan rediyo.

Na fara koyarwa a 1976, shekarar da aka fara UPE, shirin ilimin firamare kyauta ga kowane yaro. A lokacin ba kowa ke da takardar haihuwa ba, sai mu ce yaro ya ɗora hannu ta saman kansa ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen. In ya taɓo, ya isa aji ɗaya. Waɗannan ƙananan da ƙyar suke taɓo kunne, su ne suke tahowa daga ƙauyukan kewaye a ƙasa, da ɗan allonsu da kwalbar kunu, babu babba ko ɗaya a tare da su sai yayyensu 'yan aji huɗu da biyar. Kuma kowane manomi da ke bakin hanyar ya san 'ya'yan wane ne.

Sannan akwai kunya, wadda 'yan yanzu ba za su gane ta ba. Ni ɗan fari ne. Mahaifiyata har Allah ya karɓi ranta ba ta taɓa kiran sunana ba. In na faɗi na fasa gwiwa a gabanta sai ta kau da kai, abokiyar zamanta ce za ta taso ta ɗauke ni. Da aka yaye ni aka kai ni wajen kakata, can na zauna har na isa shiga makaranta. Baƙo ya ga haka sai ya ce matar nan ba ta damu da ɗanta ba. Ta damu ƙwarai, ta dai san akwai masu duba mata shi, kuma nuna damuwar a gaban mutane abin kunya ne.

Auta:
Baba Malam, Allah ya ƙara girma. Ku ba ni dama in yi magana a madadin 'yan baya, don na ga ana shirin yi mana taron dangi. Hausawa suka ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

A 2001 aka haife ni. Filin da yayyena suka buga ƙwallo a unguwarmu, kafin in isa bugawa an yanka shi fulotai. Kududdufin da ke bayanmu an cike shi da shara an yi gini a kai, shi ya sa duk damina ruwa yake shigo mana ɗaki. Firamaren da na yi an zagaye ta da shaguna. Badalar da Baba Ɗan Yakasai yake cewa sun bi ta kanta, a je a duba abin da ya rage. Wa ya yi wannan aikin? Mu ne? Waɗanda suka sha daɗin filin su ne suka girma suka sayar da shi. Su ne kuma suka daina gina zaure, suka koma katanga mai fasassun kwalabe a sama da get na ƙarfe. Sannan a dawo a ce yaran yanzu ba su san komai ba sai latsa waya. To ina za mu je?

Ɗan Yakasai:
Kai Auta, ka iya harbi. Ni dai ban sayar da filin kowa ba, amma gidan da na gina a bayan gari babu zaure, wannan kam haka ne. Mai zanen gidan ma dariya ya yi da na ambata, ya ce wurin ajiye mota za a yi a nan.

Sista Mai Ritaya:
Ni aikin jinya na yi har na ajiye, don haka abin da idona ya gani daban ne da naku. In za a ba da labarin wanka a kududdufi da rafi, a haɗa har da fitsarin jini. Tsargiya ke nan. Ƙwayar cutar tana fitowa ne daga jikin wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da ke zama a ruwan da ba ya gudu sosai, ta huda fatar mai wanka ta shige. Ta yi yawa a wasu garuruwan har yara maza suna ɗauka jinin alamar girma ne, wanda bai fara ba a yi masa dariya. Kurkunu kuma daga shan ruwan tafki, mutum ya kwanta wata guda ana naɗe tsutsa a jikin tsinke kaɗan-kaɗan, sai a 2013 aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi. Shan inna sai a 2020 aka ce an ga bayan asalin ƙwayar cutar. Ƙyanda in ta shigo unguwa da bazara, gida ɗaya sai a fitar da yara biyu. Wanda ya ga sanƙarau na 1996 a Kano ba zai manta ba.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 1990 ya nuna kusan yaro ɗaya cikin biyar ba ya kai shekara biyar. Na 2018 ya nuna 132 cikin 1,000, har yanzu da yawa, kuma mu nan Arewa abin ya fi tsanani, amma an samu sauƙi. Sannan damina ba ta wucewa ba a kawo mana yaron da kududdufi ya ci ba, ko wanda ya faɗo daga kan mangwaro ya karye, an kai shi wajen mai ɗori an ɗaure tamau har hannun ya ruɓe. Ba wanda yake cewa sakaci a lokacin, sai a ce kwana ne ya ƙare, ko a ce mutanen ruwa ne suka ja shi. Mu da muke wannan hirar mu ne muka tsallake. Waɗanda ba su tsallake ba ba sa nan balle su ba da nasu labarin.

Bazazzagi:
Allah ya jiƙansu. Amma Sista a raba zare da abawa. Ƙyanda da shan inna da sanƙarau ba yawo ne ya kawo su ba, rashin rigakafi ne da cunkoso. Yaron da ke ƙuryar ɗaki ma ƙyanda tana iske shi. Kududdufi na yarda, wannan laifin yawo ne. To amma ai da rigakafi da ruwan famfo da barin yaro ya fita wasa ba sa karo da juna. Ni abin da yake damuna, jikana ɗan shekara 12 bai taɓa hawa bishiya ba, bai san hanyar gidan goggonsa ba in ba a mota ba, in ka ba shi dubu ɗaya ka ce ya sayo tumatir sai a cuce shi. Wannan ma ai wani ciwon ne.

Sista Mai Ritaya:
Na karɓi rabin maganarka, Alhaji. Rabin da ban karɓa ba shi ne na gishiri a kan yankan gwangwani. Mun sha ganin yaran da irin wannan yankan ya yi wa sanadin ciwon sanƙarewar jiki, haƙora su datse, baya ya banƙare. Allah ne ya kiyaye ka.

Bakatsine:
Ina karanta ku tun ɗazu, hirar duk ta 'yan birni ce. Mu a ƙauye yawon da aikin a haɗe suke. Ina ɗan shekara takwas nake kora awaki da tumaki daji da safe, ni da sa'o'ina, sai la'asar mu dawo. Guzurinmu ɗan dunƙulen fura a gora, sauran kuma daji ya ciyar da mu. Magarya, kanya, ɗinya, aduwa, taura, goruba, kowanne da lokacinsa kuma mun san bishiyar da ta fi zaƙi. Mu haƙa gafiya, mu ɗana wa kurciya tarko, mu yi kokawa a kan yashin rafi. Abin tsoronmu maciji da kunama, sai kuma mai gonar da awakinka suka yi wa ɓarna. Da bazara kowa a waje yake kwana, tabarma a ƙofar gida, har asuba.

Yau wannan dajin babban mutum da gemunsa ba ya iya shigarsa. Gonar mahaifina da na yi wayo a cikinta, mun yi shekaru ba mu noma ta ba. A Disambar 2020 aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana ta Ƙanƙara. A Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe ta Zamfara. A shekarar kuma aka ɗebi ƙananan yara 'yan Islamiyya a Tegina, suka yi kusan wata uku a daji. A Maris na 2024 aka yi na Kuriga a Kaduna. Don haka Alhaji Ɗan Yakasai, in ka ce tsoro ya yi mana yawa, a wajenmu tsoron ma bai kai abin da ke faruwa ba.

Maman Biyu:
Iyayena ku yi haƙuri, ni ce irin uwar da ake magana a kanta, mai tsayawa a bakin get. Bari in faɗi dalilina.

Haya muke zaune. A layinmu gida huɗu kawai na san masu shi, sauran duk shekara sai an sauya fuska. Maƙwabcina na dama ban san sana'arsa ba, shi ma bai san sunan 'ya'yana ba. Wa zan bar wa su ya duba min? A 2019 'yan sanda suka gano yara tara da aka sace daga Kano aka kai su Anambra aka sayar, wasunsu sun yi shekaru a can har sun manta Hausa. A ƙarshen 2021 aka sace yarinyar nan 'yar shekara biyar a Kano, daga baya aka gano mai makarantar da take zuwa ne ya sace ta ya kashe ta. Mutumin da iyayenta suka amince wa. Tun daga ranar ban ƙara samun natsuwa ba in yarana suna waje.

Ban da wannan, layin da kuka yi langa a kansa jaki da keke ne suke bi. Namu layin adaidaita sahu ne da masu babur da 'yan koyon mota. Ga masu ƙwacen waya, ga matasan da ke zama a kangon da ke ƙarshen layi suna shaye-shaye da rana tsaka.

Kuma ko na ce su fita, yaushe? Bakwai da rabi suna makaranta, a tashi biyu, a yi darasin ƙari zuwa uku da rabi, su dawo su ci abinci a tsaye su tafi Islamiyya har shida, da daddare ga aikin gida. Asabar da Lahadi hadda. Kuɗin makarantar nan da gumi muke biya, ba zan ce su bari su je kamun fara ba.

Ɗan Yakasai:
'Yata, ban ga laifinki ba, Allah ya raya miki su. Bakatsine, kai ma Allah ya kawo muku sauƙi, naku ba abin musu ba ne. Amma kada a ɗauka mu a zamanin lafiya lau muka tashi. A Disambar 1980 aka yi rikicin Maitatsine a 'Yan Awaki, dubban mutane suka mutu, muna jin harbi daga gida, har jiragen soja muka gani. Kuma a lokacinmu ma ana ta jita-jitar 'yan yankan kai da masu satar yara a buhu. In labarin ya taso a hana mu nisa na sati biyu, daga nan a manta, mu koma ruwa.

Abin da na lura da shi, da sai abu ya faru a garinku ko an faɗa a rediyo kake ji. Tun da wayar hannu ta shigo a 2001, balle da aka samu WhatsApp, abin da ya faru a Legas da na Maiduguri da na wata ƙasa duk a tafin hannunki suke kwana, da hoto da murya. Wani bidiyon ma na shekara biyar ne ake sake turo shi a ce jiya ne a unguwa kaza. Ban ce babu haɗari ba. Ina dai tambaya ne, layinku na birni ya kai yadda waya take nuna miki shi?

Maman Biyu:
Baba, wataƙila bai kai ba. Amma in abin ya faɗo kan nawa, ba wanda zai ce min ai ba kasafai yake faruwa ba. Cewa za a yi ina uwarsu take. Ku a zamaninku kwana ne ya ƙare, mu a namu uwa ce ta yi sakaci. Har a Facebook sai an zage ni.

Ba-Damagare:
Salamu alaikum 'yan uwa na Nijeriya. Mu nan Damagaram abin da kuke faɗi duk mun yi shi, sai dai ku ce boko mu ce lakwal. A tashi lakwal da tsakar rana a koma da marece, tsakanin nan muna bisa duwatsun Birni ko bakin tabki. Dala ɗaya ta ishe ka ƙuli-ƙuli. Har yanzu a tsofaffin unguwanni yara suna wasa a waje da dare, tsofaffi na zaune bisa tabarma suna kallonsu. Amma sabbin unguwanni da ma'aikata suka gina, katanga ce da ƙofar ƙarfe kamar naku, yara a ciki gaban talabijin. Gari ɗaya, shekara ɗaya, tsaro ɗaya, amma tarbiyya iri biyu. Shi ya sa nake ganin maganar Malam ta zaure da maganar Auta ta fili sun fi ƙarfi.

Goggon Yara:
Talabijin da ka ambata ta tuna min. Unguwarmu gida ɗaya ne mai ita. Ba a buɗe tasha sai da yamma, mu taru a ƙofar ɗakin tun ana nuna zane-zanen nan masu launi kafin a fara. Matar gidan ta ce sai kowa ya wanko ƙafarsa. Da aka buɗe gidan talabijin na CTV a zamanin Gwamna Rimi kuwa, ranar wasan kwaikwayo har ta taga ake leƙe. Ko kallon ma a taro muke yinsa.

Ni abin da ya fi ba ni takaici tashe ne. Daga goma ga azumi, an sha ruwa an yi asham, gari ya cika da yara. Maza su shafa bula da gawayi, a liƙa gemun auduga, a cusa tsumma a ciki ya yi tulu, mu mata mu ɗauki ƙwarya da ludayi da 'yar tsana. Gida-gida muke shiga har tsakar gida, a ba mu hatsi ko kwabo, ƙarshen wata a haɗa a yi dafa-duka. Manya ma suna nasu, Nalako yana bin gwauraye da ganga. A 'yan shekarun nan kuwa 'yan sanda a Kano sun sha hana tashe, saboda 'yan daba suna fakewa da shi su fito da makamai su yi ƙwace. Jikokina sai a waya suke ganinsa.

Auta:
Goggo, ni akwai abin da nake so in tambaya tun ɗazu ina jin nauyi. Ana ta cewa yara sun daina yawo. Su wane yaran? Ku leƙa kowace tasha da gidan mai da bakin danja. Ga yara nan 'yan shekara shida da bakwai da roba a hannu, babu takalmi, babu mai tambayarsu ina suka je, magariba ta yi ko sha biyun dare. Ga 'yan mata masu tallar ruwan leda a tsakiyar titi. Yawon nan bai mutu ba, 'ya'yan masu hali ne kawai aka janye daga cikinsa. Kuma cikinmu babu wanda yake ganin almajiri a bakin danja ya ce kai, yaron nan ya more ƙuruciya.

Malam Mai Ritaya:
Auta, wannan tambayar ta fi ƙarfin shekarunka, Allah ya yi maka albarka. Amma ka ƙara tabbatar da abin da na faɗa ne. Almajirin da ma yana bara, sai dai malaminsa yana da gona suna noma tare, kuma kusan kowane almajiri yana da uwar ɗaki a unguwa, gidan da yake yi wa aike da ɗebo ruwa, a ajiye masa tuwonsa, in ya yi zazzaɓi a ba shi magani, da sallah a ɗinka masa riga. An san shi da sunansa da garinsu. Na yanzu yana yawo ne a cikin mutanen da ba su san shi ba. Yaro a waje da idon manya a kansa daban, yaro a waje babu mai shi daban. Mu na farkon muka samu, shi muke kewa.

Sista Mai Ritaya:
Malam, idon manyan nan ma ba duka ne na alheri ba. Mun karɓi yara mata 'yan talla da aka lalata a zaure da kango tun a wancan lokacin, kuma sau da yawa wanda aka sani ne. Sai dangi su taru a rufe maganar don kada a ɓata sunan gida. Yanzu aƙalla ana faɗa, ana kai wa hukuma.

Malam Mai Ritaya:
Wannan gaskiya ne, kuma babu mai kare shi.

Bazazzagi:
To ni dai kada mu tashi a tutar babu. A layinmu mun gwada wani abu bara. Muka je da mai unguwa wajen hedimastan firamaren da ke kusa, muka roƙa a riƙa buɗe mana filin ranar Asabar da Lahadi bayan la'asar. Sharaɗinsa ɗaya, a samu manya biyu da za su zauna har a tashi, kuma abin da aka fasa a biya. Mu tsofaffi masu ritaya muka raba kwanaki. Yara suna ƙwallo, 'yan mata suna 'yar gala-gala a gefe, mu muna shan iska. Tagar aji ɗaya aka fasa, muka yi karo-karo. Ribar da ban zata ba, yanzu na san sunan yaran layin da na iyayensu, in na ga ɗaya a inda bai dace ba ina iya kiransa.

Maman Biyu:
Baba Bazazzagi, wannan kam zan iya. Zan yi wa babansu magana ya samu mai unguwarmu, akwai firamare a bayanmu da ke kulle duk ƙarshen mako. Amma da sharaɗi ɗaya nawa. Wanda zai zauna ya duba su, in ɗana ya yi laifi ya kira ni a waya ya faɗa min. Ban yarda kowa ya ɗaga hannu ya dake shi ba.

Malam Mai Ritaya:
To fa. 'Yata, kina son in bar gidana in zauna a rana ina gadin ɗanki, ya zage ni a gaban sa'o'insa, ni kuma in ciro waya in sa kati in kira ki?

Maman Biyu:
Eh Baba. Katin ni zan sa miki... au, zan sa maka.

Goggon Yara:
Malam ka karɓi katin kawai. Ni ma nan jikata na ɗan ja wa kunne ranar suna, uwarta ta yi sati ba ta gaishe ni ba.